Gasar gwaji ko ta USEA: ina za a fara kai sabon doki?

A Amurka, wasan doki mai kashi uku (tafiyar horo, tsallake shingayen daji, sai tsallaken sanduna) ana yin sa iri biyu. A gasar da USEA, ƙungiyar wannan wasa ta Amurka, ta amince da ita, shingen matakin Beginner Novice (na masu farawa) yana kai santimita 79, sakamako yana shiga kundi, kuma idan doki ya tirje sau uku a shinge ɗaya, an fitar da ku.

Gasar gwaji kuwa ta fi araha, sakamakonta ba ya shiga kundi, kuma sau da yawa akan bar ka ka sake gwadawa. Matashin dokin da ya tsaya bakin ramin ruwa yana huci, kunnuwa a miƙe, wannan sassaucin yake buƙata. Ni dai can zan fara kai shi.