Wasan rawar barkwanci kan taɓin hankali da na kalla a Kaduna

Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya shi a wani ɗakin taro, albarkacin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 10 ga Oktoba. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Na je ina ɗari-ɗari, don mun san yadda masu barkwanci ke yi da mai taɓin hankali: a sa masa tsummokara, a shafa masa toka, yara su bi shi da ihu, a yi dariya a watse.

Da farko kamar hakan za a yi. Wani siririn saurayi ya fito yana taka rawa, amma ƙafarsa ta ƙi jituwa da kalangu. Makaɗi ya bi shi, ya zille, ya sake binsa, ya sake zillewa. Muka yi ta ƙyaƙyatawa. Shigowar dangi ce ta nuna inda wasan ya dosa. Kowa da rawarsa, kowa da maganinsa. Gwaggo na zagaya shi da kaskon turare, ita dai iska ce ta taɓa ɗanta. Kawu ya rantse sammu ne, har wanda ya yi ma ya sani. Yayansa ya ce ƙwaya ce kawai, a miƙa shi gidan mari a huta. Wannan ya ja hannu, wancan ya ja riga, babu wanda ya tsaya ya tambayi yaron abin da ke damunsa. Kafin mu ankara su muke yi wa dariya, shi kuwa mun fara jin tausayinsa. Wata baiwar Allah kusa da ni ta ce, "Wallahi haka muka yi wa ƙanena."

Rawar mari ta fi komai tsaya mini a rai. Aka ɗaura masa sarƙa a ƙafa, makaɗi ya ajiye kalangu, ƙarar sarƙar ta zama kiɗan, kamar kacau-kacau a ƙafar ɗan koroso. Ba a ambaci sunan ko'ina ba, amma a Kaduna ba sai an faɗa ba. Kowa na tune da Rigasa, inda a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa.

Inda suka gaza shi ne fitowar likita. Ya zo da farar riga, ya ba da ƙwaya ɗaya, nan take yaro ya daidaita da kiɗa, aka rungume juna. Haba! Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan larura ya san ba haka take ba. Magani na ɗaukar watanni, wani ma shekaru, da tsada, kuma ciwon kan dawo idan aka yanke shan magani. Da sun nuna wannan wahalar da irin gwanintar da suka nuna ruɗanin dangi, da wasan ya cika. Sannan mata sun fito ne a masu jinya kaɗai, alhali damuwar da ke kama mai jego ta isa a yi mata rawa guda.

Lasifika ta yi ta shaƙewa, 'yan baya ba su ji rabin maganar kawu ba. Jawabin ƙarshe ma ya yi tsawo, ko da yake na ƙaru da jin cewa a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma sun tuna wa jama'a cewa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa.

Idan sun sake yi zan koma, da gwaggona zan tafi. Ƙananan yara dai a bar su gida saboda wurin sarƙar, kuma a je da wuri a kama kujerar gaba.