Asibitin Dabbobin da Ya Auna Ciwon Hanjin Karen Gonata Kafin Ya Ba Shi Magani

Ina da gonar kaji a bayan garin Kaduna, kuma shekara huɗu ke nan tsaronta da dare yana hannun wani kare jinsin Jamus da muke kira Duna, wanda shi da Baba mai gadi suke raba dare. A ƙarshen damina zawo ya kama shi, ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, har muka shafe wajen wata biyu muna sayen Flagyl da maganin tsutsa a kemis muna ɗura masa, kullum da zaton cewa wannan karon an rabu da ciwon. Ranar da na shafa bayansa na ji ƙasusuwan haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tafin hannuna, ranar na yarda cewa abin ya fi ƙarfin kemis, na sa shi a bayan mota muka nufi wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin gari. Wannan rubutu bayani ne a kan aikin da suka yi mini cikin wata biyu, da inda suka burge ni, da inda suka ɓata mini rai.

Likitar da ta karɓe mu ba ta taɓa sirinji ba sai da ta yi kusan rabin sa'a tana tambaya. Ta sa aka ɗora Duna a sikeli, ya ba da kilo 30, alhali katin rigakafinsa na bara ya nuna 34. Daga nan ta ɗauko wata takarda mai layi tara, ta ce mini, "Alhaji, duk zawon da ya wuce mako uku ba mu ƙara kiransa ɓacin ciki, ciwon hanji ne mai daɗewa, kuma kafin mu yi maganar magani sai mun san nauyinsa." Ni ban iya amsa rabin tambayoyin ba, domin ba ni nake share wurin kwanansa ba, don haka na kira Baba a waya na sa a lasifika. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, sau nawa yake fita a yini, kuma in ya yi, ana iya kwashewa da shebur ko kuwa malala yake yi a ƙasa?" Baba ya ce sau huɗu, wani lokacin biyar, kuma kamar kunu mai kauri, da ɗan majina a kai.

Takardar nan ita ce ginshiƙin aikinsu, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin asibitin ya cancanci a rubuta a kansa. Ma'auni ne da likitocin dabbobi suke kira CCECAI, wanda Karin Allenspach da abokan aikinta suka fitar a 2007 bayan sun bi diddigin karnuka 70 masu wannan ciwo a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan. Sun gina shi ne a kan wani ma'auni da ya riga shi, CIBDAI, na Albert Jergens na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka, wanda ya fito a 2003 yana duba abu shida: kuzarin kare, cin abincinsa, amai, kaurin kashi, yawan fita, da rama. Na 2007 ya ƙara uku a kai, wato yawan furotin ɗin albumin a jini, taruwar ruwa a ciki ko kumburin ƙafafu, da ƙaiƙayi. Kowane layi ana ba shi maki daga sifili zuwa 3, sai a haɗa. Jimillar da ba ta wuce 3 ba ba abin damuwa ba ce, 4 zuwa 5 ciwo ne mai sauƙi, 6 zuwa 8 matsakaici, 9 zuwa 11 mai tsanani, daga 12 zuwa sama kuma shi ne matakin da binciken ya nuna karnuka sun fi ƙin jin magani.

A gabana ta cike layuka shida na farko. Kuzari maki ɗaya, domin yana haushi da dare amma ya daina zagaya katanga. Cin abinci ɗaya. Amai ɗaya, tunda kamar sau ɗaya yake yi a mako. Kaurin kashi biyu. Yawan fita biyu. Rama kuwa uku cif, saboda kilo huɗu cikin 34 ya haura kashi goma cikin ɗari na nauyinsa. Goma ke nan tun ba a ɗebi jini ba. Na daɗe ina kallon wannan lamba, domin ni a idona kare ne mai ɗan laulayi da yake kaɗa wutsiya in ya gan ni, ga shi kuma takarda tana cewa yana cikin sahun masu tsanani.

Abin da ya biyo baya shi ne kawar da sauran abubuwan da ke iya kawo irin wannan zawo, kuma a nan na ga sun san ƙasar da suke aiki a cikinta. An duba kashinsa a madubin likita don neman ƙwan tsutsa mai tsotsar jini da ƙwayar jiyadiya, wata ƙwayar cuta mai zama a hanji tana sa zawo, kuma ko da ba a ga komai ba, sai da ta ba shi maganin tsutsa mai suna fenbendazol na kwana biyar, ta ce waɗannan ƙwayoyi ba kullum suke bayyana a kashi ba, gwaji ɗaya yana iya kuskure su. An kuma gwada jininsa don zazzaɓin kaska, wanda ya yi yawa a karnukanmu kuma shi ma yana iya saukar da albumin ya ruɗa lissafi. Wannan ya fito babu.

Albumin ɗin ne ya sauya fuskar likitar. Ya fito giram 18 a lita, alhali kare lafiyayye yakan haura 25. Ta yi mini bayani da misalin da ba zan manta ba, ta ce hanta ce ke ƙera wannan furotin, aikinsa kuma riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, to idan ya ragu, ko dai hanta ta gaza ƙerawa, ko ƙoda tana zubar da shi a fitsari, ko kuwa bangon hanji ya zama kamar rariya yana tsiyayar da shi cikin kashi. Gwajin hanta da na fitsari suka fito lafiya, saura hanji. Wancan bincike na Bern ya nuna cewa karen da albumin ɗinsa ya faɗi ƙasa da giram 20 yana cikin haɗarin ƙarewa da mummunan sakamako fiye da sauran, kuma idan ya ci gaba da sauka har wajen 15 zuwa ƙasa, ruwa yakan fara taruwa a ciki da ƙirji. Hoton ciki ya nuna Duna bai tara ruwa ba tukuna, ba ya kuma susa, saboda haka jimillarsa ta tsaya a 11, maki ɗaya tak tsakaninsa da matakin ƙarshe.

Ta kuma auna CRP, furotin ɗin da hanta ke saki da yawa idan akwai kumburi a jiki, ya fito sama da ƙa'ida. Na yaba da yadda ba ta kambama wannan sakamako ba. Ta ce CRP yana faɗa maka cewa gida ya kama wuta, amma ba ya faɗa maka ɗakin da ke ci, domin ciwon haƙori ko miki ko zazzaɓin kaska duk suna ɗaga shi, kuma yakan yi hawa da sauka ko a jikin kare ɗaya. Amfaninsa shi ne a kwatanta na yau da na bayan magani.

Inda aikinsu ya yi rauni shi ne gwajin bitamin B12, wanda suke kira kobalamin. Muhimmancinsa babba ne, domin a ƙarshen ƙaramin hanji kaɗai jiki yake tsotse shi, don haka ƙarancinsa alama ce cewa ciwon ya kai can ƙasa ko kuma ya daɗe yana ci, sannan shi kansa ƙarancin yana hana bangon hanji warkewa yana kuma kashe cin abinci. Asibitin ba ya yin gwajin, aikawa suke yi wani ɗakin gwaji a wani gari. Jinin farko da aka aika ya lalace a hanya saboda ba a kiyaye sanyinsa ba, kuma babu wanda ya kira ni ya sanar da ni, sai da na je da ƙafata bayan kwana goma sannan yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya ce, "Ai Alhaji, sai an sake ɗiba." An sake ɗiba ba tare da an ƙara cajina ba, wannan gaskiya ne, amma sakamakon bai iso ba sai da aka cika mako uku daga ranar farko. Ya fito 180, ƙasa da nanogiram 200 a lita da binciken 2007 ya danganta da rashin samun sauƙi. Abin da ya rage zafin wannan sakaci shi ne likitar ba ta jira takarda ba, tun makon farko ta fara yi masa allurar B12 mako-mako, tana cewa bitamin ne da yawansa ba ya cutarwa, rashinsa kuwa yana iya ɓata duk sauran magani. Duk da haka, mai kare da yake kwana da fargaba yana da haƙƙin a ɗaga waya a gaya masa abin da ya faru.

Akwai gwaje-gwaje biyu da ta faɗa mini ƙarara cewa ba su da su. Ɗaya shi ne TLI, wanda ke nuna ko fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ta daina aiki, matsalar da aka san karnukan jinsin Jamus da ita. Ta dogara ne da cewa masu wannan matsala sukan ci kamar ba za su ƙoshi ba suna ramewa, Duna kuwa cinsa raguwa ya yi, amma ta amsa cewa wannan hasashe ne, ba hujja ba. Na biyu shi ne kalfurotektin na kashi, furotin da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a cikin hanji mai kumburi, wanda ya fi CRP nuna hanjin kansa kuma ana amfani da shi ga mutane ma. Ba su da na'urar leƙa hanji a yanko ɗan nama a duba, ta kuma ce idan albumin ya ci gaba da sauka za ta rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Likitan da ya san iyakar kayan aikinsa kuma ya faɗe ta ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda zai ce komai yana da shi.

Maganin ya fara ne daga tukunya. Ta hana Flagyl gaba ɗaya, ta ce yawan shansa yana rikita ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, zawon kuma yakan dawo da an daina. Ta hana kawunan kaji da kitse da ragowar tuwo da miya da muka saba zuba masa, ta sa mu koma nama guda ɗaya da bai taɓa ci ba, marar maiƙo, tare da dankali dafaffe. Muka zaɓi zomo, tunda maƙwabcina yana kiwonsu. Dalilinta shi ne fiye da rabin karnuka masu wannan ciwo abinci kaɗai ke gyara su, sau da yawa cikin mako biyu, kuma rage kitse yana sauƙaƙa wa hanjin da ke tsiyayar da furotin. Akwai abincin kanti na musamman da ake shigo da shi daga waje, ta nuna mini buhunsa ta faɗi kuɗinsa, amma ba ta matsa mini in saya ba. Ta ba Baba wani ɗan littafi ta ce ya riƙa jan layi duk lokacin da Duna ya fita ko ya yi amai, ta kuma roƙe shi, "Don Allah Baba, ko ƙashi ɗaya kada a jefa masa don tausayi."

Bayan mako biyu maki ya sauko zuwa 7, amma albumin bai wuce 19 ba. A nan na ga amfanin haɗa ido da gwajin jini, domin da kashin kaɗai muka duba da mun ce an warke. Ganin haka ta ƙara firednisolon don danne kumburin, ta gargaɗe mu cewa zai riƙa shan ruwa da fitsari da yawa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa. A mako na takwas maki ya koma 3, albumin ya kai 26, CRP ya sauka, sikeli ya nuna kilo 32 da ɗoriya.

Game da kuɗi, abin da na kashe ya kai a ce an ji a jiki, kuma ƙorafina shi ne ba a ba ni jimillar abin da zan fuskanta tun farko ba, kowane zuwa da sabon rasit, wanda hakan zai iya sa mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a tsakiyar hanya, wurin da ya fi ko'ina haɗari ga karen da aka fara ba firednisolon. Wurin jiransu ma ƙarami ne, ana haɗa karnuka marasa lafiya da 'yan kwikwiyon da aka kawo rigakafi a benci ɗaya, abin da bai dace ba a garin da ciwon fabo, wata cutar amai da zawo mai saurin yaɗuwa, yake kashe 'yan kwikwiyo. Amma ga duk mai karen gadi ko na farauta da zawonsa ya haura mako uku, ina ba da shawarar irin wannan asibiti, kuma in ya je ya nemi a cike masa takardar maki a gabansa, a auna albumin da B12, ya karɓi kwafin sakamakon ya adana, ya kuma tambayi ranar da jinin da aka aika zai dawo da sunan wanda zai kira shi.

Duna yana kan rabin ƙwaya yanzu, kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta, an kuma ƙara masa garin sinadaran gina jiki a abincinsa saboda zomo da dankali kaɗai ba za su riƙe shi tsawon lokaci ba. Ranar Asabar ta farkon wata mai zuwa za mu koma a sake auna albumin, kuma Baba ya riga ya ce in taho masa da sabon littafi, na farkon saura shafi biyu ya cika.