Wasiƙa daga Jojiya: Faifan da Na Saya a Athens

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A gaida Inna da yara da duk mutanen layi. Mu nan lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Ka tambaye ni a waya ko a Amurka har yanzu akwai masu sana'ar da ka bari, ta sayar da kaset. Na ce sai dai in rubuto, don maganar ba ta minti biyu ba ce.

Akwai su. Wata Asabar na sauke kaya a Athens, wani garin jami'a da ke kamar mil 70 gabas da Atlanta, aka ce lodin komawa sai da yamma. Na kulle motar na shiga gari da ƙafa. A nan na ci karo da shagon. Faifan garmaho ne, Kawu, cike da akwatuna! Irin wanda muka riƙa cilla wa juna a tsakar gida kana korar mu. A nan kowanne yana cikin leda, an jera su bisa harafin sunan mawaƙi, an manna 'yar takarda mai faɗin ko ya karce ko lafiyarsa ƙalau. Sabo na gani dala 25 zuwa 30. Kuma ba tsofaffi ne ke saye ba, yaran jami'a ne. A 2022 faifan garmaho da aka sayar a ƙasar nan ya fi CD yawa, abin da rabon a gani tun 1987.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Kai lasifika kake kafawa a bakin shago, tun daga Bata mutum ya san an samu sabon kaya. Su kuwa an ajiye na'ura a lungu da abin sawa a kunne, ka saurara kai kaɗai kamar mai satar ji. Ciniki babu. Na ce a rage mini, mai shagon ya yi murmushi ya nuna mini takardar farashi. Ka je biya kuma a ɗora haraji a kan abin da aka rubuta. Gyara kuwa ko a mafarki.

Amma mutumin ya san kayansa, nan kam ya tuna mini da kai. Ya tambaye ni sana'ata, na ce direban tirela ne. Ya kwashe da dariya, ya je ya zaro wani CD na hannu, mai faifai biyu, ya ce to ga 'yan uwanka. Sunan ƙungiyar Drive-By Truckers, a sunan nasu akwai direbobin manyan motoci. A garin nan na Athens aka kafa ta a 1996. Jagororinta biyu, Patterson Hood da Mike Cooley, 'yan arewacin Alabama ne, yankin Muscle Shoals. Hood ɗan gado ne: mahaifinsa David Hood yana cikin makaɗan da suka yi wa manyan mawaƙa baƙar fata kiɗa a ɗakunan ɗaukar waƙa na yankin. Kundin sunansa Southern Rock Opera. Dala 8 na biya, ban da harajin nan.

Gaskiya ranar farko hayaniya kawai na ji. Jita uku a lokaci guda, da murya mai kaushi kamar ta wanda ya kwana yana shan ƙura. Turancin nasu ma na Kudancin ƙasar nan ne, ana jan kalma kamar roba. Sai da na bi hanyar I-20 zuwa Birmingham da dare, ni kaɗai, kunnena ya buɗe.

Labari suke bayarwa daga farko har ƙarshe, kuma ka san mu da labari a waƙa. A sama, labarin ƙungiyar Lynyrd Skynyrd ne, wadda jirginta ya faɗi a Misisipi ranar 20 ga Oktoba 1977, mawaƙinta Ronnie Van Zant ya mutu a ciki. A ƙasa kuwa labarin yankinsu ne. Suna ambaton bam ɗin da aka dasa a wani coci a Birmingham a 1963, ya kashe yara mata huɗu baƙar fata. Akwai wurin da Hood ya bar rerawa ya koma magana zalla, kiɗa na bi a hankali, yana ba da tarihin George Wallace, gwamnan Alabama da ya tsaya a ƙofar jami'a a wannan shekarar don hana ɗalibai baƙar fata shiga. Bai wanke shi ba. Bai kuma yarda a ce duk ɗan Kudu Wallace ne ba. Ina jin wannan ina wuce fitilun Birmingham ɗin kanta, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ka san abin da ya kama ni? A nan in na ce daga arewacin Najeriya nake, kafin in rufe baki an riga an yanke mini hukunci da abin da aka gani a labarai. Ina son in ce ba haka muke ba, ina kuma sane da cewa wani abin da ake faɗa gaskiya ne. Ban taɓa zaton wani Bature daga Alabama zai faɗi wannan damuwar fiye da yadda ni zan iya faɗinta ba. Sai dai fa akwai zancen giya da baƙaƙen maganganu a wasu waƙoƙin, don haka a mota kawai nake ji, ba na kunnawa a gida gaban yara.

Yadda aka yi kundin ma zai burge ka, don ya yi kama da fafutukar 'yan fim ɗinmu na farko. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyinsu. A saman wani shagon sayar da yunifom a Birmingham suka ɗauka, cikin zafi. Kuɗin bugawa kuwa rance suka karɓa daga masoya da abokai. Ya fito ranar 12 ga Satumba 2001, kwana ɗaya bayan harin New York, lokacin da hankalin kowa ba ya kan kiɗa. Duk da haka ya yi suna, har wani kamfani ya sake fitar da shi a 2002.

Faifai na biyu ya riƙa tsalle a waƙar ƙarshe, daidai inda jirgin ke gangarowa. Bayan mako biyu na koma da rasit, na shirya dogon bayani. Ko kallona mutumin bai yi sau biyu ba, ya canza mini wani. A nan sun fi mu, ba na musu.

Inda muka fi su shi ne gyara. Na'urar da nake saka CD ɗin ta daina karantawa, na kai wa wani mai gyara. Kuɗin dubawa kaɗai ya kusa kuɗin sabuwa, ya ce in jefar kawai. Na tuna yadda kake goge kan rikoda da auduga da sifirit, ka naɗe zaren kaset da biro, in ya tsinke ka haɗa da ɗan salatif, waƙa ta ci gaba sai ɗan tuntuɓe a wurin. Na zo gida na kwance ta da kaina, na goge idon. Tana aiki har yau.

Na ji yanzu a Farm Center yara ke tura waƙa ɗari a memori, ba kwali, ba sunan makaɗi. Shi ya sa nake da roƙo. Buhun nan da ke ɗakin ajiya bayan kicin, in ɓera da damina sun bar wani abu, akwai faya-fayen Shata da na Ɗan Maraya a ciki, na san da idona na gan su. Don Allah a sa Sani ya fito da su. Kada a wanke da omo, kada a shanya a rana, zafi lanƙwasa su yake yi. A tsaye ake ajiye su, ba a kwance ba. Na sayo ledojin nan guda hamsin, zan ba wanda zai taho gida kafin azumi ya kawo maka.