Gargaɗi ga masu neman injin jirgin ruwa na hannu

Naira dubu 680 wani marar tsoron Allah ya ci mini, kuma da hannuna na tura masa. Dubu 680, kuɗin kifin da na yi shekara biyu ina tarawa, har da dubu 150 na adashin mai ɗakina.

Kada wani ya zo yana ce mini ban san inji ba. A bakin ruwan Yauri aka haife ni, tun ina ɗan shekara 12 nake jan igiyar injin babana. Na san lita 25 na fetur rabin lita na mai ake zuba masa. Na san injin da ba ya fitsari, wato ba ya tsarto ruwan da ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa, kashe shi ake yi nan take. Sai da na duba farfela, na kwance fulogi biyun na gani da idona.

Amma murfin da ɗumi. Wannan ne ke hana ni barci, don inji mai ɗumi yakan tashi da sauƙi ko da yana da matsala. Na ɗora hannu na ji ɗumi, na ce, "Alhaji, an tayar da shi ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, rana ce." Ƙarfe 8 na safe, a cikin rumfa, wace rana? Na ji da tafin hannuna, na yi shiru. Ya ja igiya sau ɗaya cikin duro, inji ya ɗauka, ni kuma na ciro waya.

Kafin nan ma, a Facebook na ga tallar. Inji ne samfurin Enduro mai ƙarfin doki 15, wai ɗan Kwatano ne, bai taɓa shiga ruwan Najeriya ba. Dubu 750 ya fara cewa. Da na ce a ɗaura shi a jirgi mu zagaya, sai ya ce jirginsa na wurin gyara, kuma wani zai zo daga Shagunu da kuɗi a hannu bayan azahar. Har shayi ya saya mini.

Ranar Talata, a'a, Laraba ce, mun je ɗaga kalli, ragarmu ta kamun kifi, a tafkin Kainji, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Da filafili muka dawo ni da ƙanena, kifi ya fara wari, mutane na kallonmu daga gaɓa. Bakanike ya kankare fenti da wuƙa, sai ga tsaga a jikin injin an liƙe da gam an fesa fenti a kai. Ruwa na shiga silinda. Ya kwance kusar giya, man da ya zubo fari kamar nono. Lambar injin da ke jikin maɗauri ma an goge ta, sai ranar na lura. Ya dube ni ya ce, "Yaya, nawa ka ba da?" Na kasa faɗa.

Ku taɓa inji, in da ɗumi ku tafi ku dawo da asuba. Gwajin duro ba gwaji ba ne, a ɗaura a jirgi da kaya.

Wayarsa a kashe tun ranar, rumfar ma ashe ba tasa ba ce. Hoton hirarmu ta WhatsApp da rasidin dubu 680 suna nan, zan saka su da zarar wayata ta yi caji. Injin kuma ga shi can jingine a zaure, mai ɗakina ba ta ce komai ba har yanzu.