COB ko SMD: Wanne Ya Fi Dacewa da Fitilar Rainon Shuka?

Mai haɗa fitilar LED ta rainon shuka a cikin ɗaki yana da manyan zaɓi biyu: ƙwan COB, wanda aka cusa ƙwayoyin haske masu yawa a ƙaramin faranti guda, ko ƙananan ƙwayoyin SMD irin su Samsung LM301B, waɗanda ake bazawa a kan faffaɗan allon alminiyam.

Ana auna inganci da yawan hasken da ganye zai iya amfani da shi daga kowane jul (ma'aunin makamashi) na lantarki, kuma a nan SMD ne ke gaba, domin allo mai kyau yakan haura maikuromol (ma'aunin wannan haske) 2.5 a kowane jul. Dalilin shi ne, ƙwayar LED tana rage inganci idan aka matsa mata wuta ko ta ɗau zafi, alhali a kan allo ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke raba aikin, kowace tana ɗaukar kaɗan. Hasken ma yana sauka daidai a kan tiren latas, na gefe ba ya miƙewa siriri yana neman haske.

COB yana da sauƙin haɗawa, wayoyi biyu kawai. Sai dai zafinsa yana taruwa wuri ɗaya, don haka dole a manna shi da ƙarfe mai shanye zafi, sau da yawa har da fanka, wadda ita ma wuta take ci. Ya dace da tukunyar barkono guda mai tsayi. Ga jerin tirori kuwa, musamman inda sola ce ke ba da wuta, allon SMD na fi ba da shawara.