Gargaɗi: kada ku biya kuɗin takalmin da bai shigo kasuwa ba

Masu sha'awar kambas, musamman 'yan bin sawun Air Jordan, ku yi hattara da mai cewa ku turo kuɗi tun yanzu zai ajiye muku takalmi kafin ranar fitowarsa, kuma a ƙasa da farashin kamfani. An yi wannan wasan a Amurka, ya cinye mutane da yawa.

Takalmin da aka yi tarkon da shi ba ƙaramin abu ba ne. Air Jordan 11 ne na kamfanin Nike, zanen Tinker Hatfield, ya fito a 1995, da fata mai sheƙi zagaye da gindinsa, abin da ba a saba gani a filin ƙwallon kwando ba. Da shi Michael Jordan ya buga kakar da Chicago Bulls ta ci wasa 72. Launin ruwan toka da ake kira Cool Grey kuwa sai a 2001 ya fara bayyana, aka dawo da shi a 2010, sannan a Disambar 2021 a kan dala 225. Kusan shekara goma-goma ke nan tsakanin fitowa da fitowa, to ina mamaki don mutane sun yi rububi?

A rububin fitowar Cool Grey ta 2021 ne wani kamfanin sayar da takalma a jihar Oregon, Zadeh Kicks, ya karɓi kuɗin ƙafa sama da 600,000 tun kafin a fitar da shi, a farashin da bai kai na Nike ba. Masu gabatar da ƙara sun ce abin da ya tara ya haura dala miliyan 70, alhali takalman da suka shigo hannunsa ƙafa 6,000 ne da ɗoriya. A 2022 kamfanin ya rushe, aka bar masu saye da rasit kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake gina amana. Da farko mai sayarwa yana cika alkawari, ko da asara yake yi, sai waɗanda suka karɓi nasu su riƙa yabonsa da hotuna. Daga nan sai jinkiri ya fara. Ka nemi kuɗinka, a ce a ba ka katin sayayya na shagon, wato kuɗinka ya sake komawa aljihun da ya fito.

Ku tambayi kanku: takalmin da kantuna ke yi wa ƙuri'a saboda ƙaranci, daga ina mutum ɗaya zai samo dubbai, har ya rage kuɗi? In ya ce yana da "ɗan gida" a kamfani, ku ja da baya. In ya ƙi hanyar biya mai kariyar mai saye, ya nace sai tura kuɗi kai tsaye ko kirifto, ku rufe shafinsa. In kuma ranar kawo kaya ta wuce wa'adin da bankinku ya ba ku na ƙalubalantar biya, da gangan aka tsara ta haka.