Spinosaurus ɗin da ya ƙi tsayuwa da ƙafafunsa

Tauraro uku cikin biyar na ba shi, kuma ko ukun ma sai da na yi ta kokawa da zuciyata. Ina maganar sabon mutum-mutumin roba na Spinosaurus, dainoson nan mai tozo a baya, mai sikelin 1:35, wato an rage girman dabbar sau 35, wanda duk mai tara dabbobin zamanin da ya gama ganin hotunansa tun kafin ya fito. Ba sai na kama sunan kamfanin ba, kun san shi, kun kuma san abin da mutum ke zubewa kafin ya shigo hannu. Abin da ya zaunar da ni rubutu ɗaya ne: abin nan ba ya tsayuwa. Ka girke shi tsaf da dare, gari na wayewa ka tarar ya jirkice gefe guda kamar katangar da damina ta ci.

Da a ce karkacewar ce kawai, da na haƙura, don duk wanda ya daɗe a wannan harka ya saba da dainoso mai ƙafa biyu da ke son jingina. Amma wannan faɗuwa ya yi, kuma bai faɗi shi kaɗai ba. Tsawonsa ya kusa santimita 40, jikinsa toshe yake da roba, nauyi gare shi ba na wasa ba. A gefensa na ajiye wani Dimetrodon na rezin, wato roba mai tauri, wanda ni na harhaɗa shi da hannuna, na goge, na yi masa fenti ƙashi bayan ƙashi. Na haɗa su wuri ɗaya ne don duka biyun suna da wannan shafaffen tozon a baya, duk da cewa ba dangin iya babu na baba a tsakaninsu: Dimetrodon ba dainoso ba ne ma, ya fi kusa da dabbobi masu shayarwa, kuma ya ƙare a duniya shekaru wajen miliyan 40 kafin dainoso na farko ya bayyana. To, a kansa ƙaton nan ya rikito. Rezin kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Na zo na tarar da tozon Dimetrodon ya tsage tun daga kafaɗa, tsinin ƙasusuwan sun ɓalle sun watse a bayan kanta, wasu ƙanana har yau ban gan su ba. Wanda bai taɓa zama da buroshi mai gashi uku yana bin layin ƙashi ɗaya ba, ba zai gane abin da na ji ba. Ban iya cewa komai ba, na dai kwashe gutsattsarin na zuba a kwalba.

Na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa da hotuna. Amsar ta zo da wuri, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba, amma abin da ke ciki shi ne wai in tsoma ƙafafun a ruwan zafi. Sai ka ce yau na fara. Kowa ya san dabarar: ka tsoma ƙafar a ruwa mai zafi sosai har robar ta saki jiki, ka miƙar da ita yadda kake so, ka riƙe, ka jefa a ruwan sanyi ta ƙame. Na yi. Ya tsaya ƙiƙam, har na ɗan ji sanyi a raina. Ana kwana biyu, ɗakin ya ɗan ɗau ɗumi da rana, sai ga idon sawun hagu ya fara komawa gidan jiya. Na sake gwadawa da na'urar busar da gashi, duk kanwar ja ce. Wannan dabara tana maganin ƙafar da ta lanƙwashe a cikin kwali saboda matsi. Ba ta maganin ƙafar da tun asali ba ta iya ɗaukar nauyin da aka ɗora mata. Da na sake rubuta musu haka, sai shiru, maganar Dimetrodon kuwa ko "Allah ya kyauta" ba su ce ba.

Kuma abin haushin, ai matsalar ba ɓoyayyiya ba ce, duk wanda ya san dabbar ya san za a yi haka. Tun 2014 da masanin dainoso Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fito da sabon fasalin Spinosaurus daga ƙasusuwan da aka tono a yankin Kem Kem na Maroko, aka san ƙafafunsa na baya gajeru ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, ga dogon wuya, ga dogon gangar jiki, su kuma suka ce nauyin ya rinjaya gaba. Har suka kawo shawarar cewa wataƙila da ƙafa huɗu yake tafiya idan ya fito tudu, wasu masanan daga baya, ciki har da Paul Sereno a 2022, suka ce a'a, da ƙafa biyu yake takawa. Masana su yi ta muhawararsu, amma kai da za ka zuba wannan siffa a roba mai laushi, ka ɗora ta a kan idon sawu biyu da kaurinsu bai wuce na fensir ba, ai ka san dole ka nemi mafita. Wasu kamfanonin suna sa faifan tsayawa a ƙarƙashi, wasu suna haɗo ɗan sanda garai-garai da ake tokare ƙirji da shi, wasu su bar farce ɗaya na hannu ko bakin wutsiya ya taɓa ƙasa. A cikin kwalin nan babu ko ɗaya. Akwai dai kati mai sheƙi da hoton dabbar tana iyo.

To amma gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi mini daɗi ba: wanda ya sassaƙa wannan abu gwani ne. Ranar da na buɗe kwalin, kafin duk wannan tashin hankali, na daɗe ina jujjuya kan kawai. Dogon bakin nan siriri, da ɗan lotsawar da ke bayan ƙarshen hanci inda haƙoran ƙasa ke shigewa, ƙofofin hanci an ja su baya nesa da bakin baki, ɗan zankon da ke gaban idanu, duk suna nan. Haƙoran ma zagayayyu ne masu tsini irin na mai kamun kifi, ba faffaɗa masu zarto irin na Tyrannosaurus ba. Tafin hannayen suna kallon juna, ba su kife ƙasa ba yadda ake yi wa dainoson wasan yara. Wutsiyar ita ce mai faɗin nan mai kama da filafili da aka bayyana a mujallar Nature a 2020, ba tsohuwar siririya ba.

Ni dama ina da rauni a kan wannan dabba saboda tarihinta. A 1912 aka tono ƙasusuwan farko a Bahariya ta ƙasar Masar, masanin Jamus Ernst Stromer ya raɗa mata suna a 1915, ƙasusuwan bayanta wani ya kai mita 1.65. Aka kai su gidan tarihi a Munich, sai bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ragargaza su a watan Afrilun 1944. Shekaru masu yawa abin da ya rage shi ne zane da bayanin Stromer da 'yan hotuna. Shi ya sa idan ka jera mutum-mutumin Spinosaurus na shekaru daban-daban a kanta ɗaya, za ka rantse dabbobi daban-daban ne: wani a miƙe yana jan wutsiya a ƙasa, wani dogon ƙafa irin na fina-finai, wani a kwance da ƙafa huɗu. Wannan jeren shi ne rabin daɗin tarawar, kuma wannan sabon ya cancanci gurbinsa a ƙarshen layi. Da zai tsaya.

Fentin kamfani kuwa, hoton talla daban, abin da ya zo daban. A hoto akwai ratsi-ratsi masu laushi da ke narkewa cikin juna a kan tozon. Nawa an fesa masa ruwan lemo an bi da baƙi, iyakar launukan a yanke kamar da reza. Farin haƙora ya malalo har kan dasashi, idon dama yana kallon gaba na hagu yana kallon sama. Mahaɗar muƙamuƙi, tunda bakin yana buɗewa, ta bar wani tsagi a ƙarƙashin kunci da kana hango shi daga bakin ƙofa. Ga layin da aka haɗa wutsiya da gangar jiki, ba a ko yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

Tunda dai ya riga ya yi mini ɓarna, sai na ce bari in huce a kansa, na sauke shi daga kanta na kai shi teburin aiki. A nan ne labarin ya sauya. Na bi shi da sifirit da tsohon buroshin goge baki, a hankali, don tina, wato ruwan narkar da fenti, da danginta masu ƙarfi suna cinye robar su tafi da zanen fata. Fentin na fita, sai ga abin da masu fentin kamfani suka binne a ƙarƙashi. Ashe kowane ɓawon fata an sassaƙa shi daban, ƙanana a wuya da hammata, manya a gadon baya, ga tattarar fata inda cinya ta haɗu da ciki, ga jijiyoyi siri-siri da suka hau tozon. A gefen baki har da 'yan ramukan nan ƙanana da ake gani a ƙashin hancin dabbar ta gaske. Duk wannan aiki wani ya zauna ya yi, wani kuma ya zo ya shafe shi da fenti mai kauri. Wallahi a lokacin sai da na ji tausayin mai sassaƙar fiye da kaina.

Na toshe tsagin muƙamuƙi da ƙullin ifoksi mai haɗi biyu, na bar bakin a ɗan buɗe dindindin, don ni buɗewa da rufewar ba ta dame ni ba. Kafin ƙullin ya ƙame na danna masa zanen ɓawo da bakin allura mai jiƙe da ruwa, haka ma layin wutsiya, da ya bushe na bi da samfefa mai laushi. Sai shimfiɗar farko mai ruwan toka, sannan fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa, tsarma-tsarma, hawa-hawa. Ga sababbin shiga: kada ku kusanci irin wannan roba da fentin mai ko na gwangwanin fesawa mai kaushin sinadari, yana haɗuwa da abin da ke sa robar laushi, sai ya ƙi bushewa, ya yi ta danƙo yana kama ƙura har abada. Akirilik kawai.

Wajen launi babu mai ce maka ka yi kuskure, tunda ba a samu fatar Spinosaurus ba. Amma ba na son fentin son rai, na fi son in jingina da wani abu. An gano cewa Psittacosaurus, wani dainoso da aka samu da fatarsa, wanda ke gidan tarihi a Frankfurt, bayansa duhu ne cikinsa haske, haka ma dainoso Borealopelta na Kanada da aka bayyana a 2017, mai launin ƙasa-ƙasa da ja. Sai na bi wannan tsari: baya kore mai duhu da ya kusa baƙi, ciki fari-fari mai dauɗa, tozon kuma na ba shi ja marar ƙarfi daga sama yana dusashewa zuwa ƙasa. Na malala baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya shige ramukan fata, na share saman, sannan na bi da busasshen buroshi mai ɗan haske a kan tudun ɓawon. Ido na yi shi rawaya da ɗigon baƙi, na ɗiga masa banish mai sheƙi, haka cikin baki, sauran jikin kuma banish marar sheƙi. Da na gama na ja baya na dube shi, na ce lallai wannan abu ya fi duk wani Spinosaurus da na mallaka, nesa ba kusa ba. A wannan daren da an ce in ba da tauraro, biyar zan bayar.

Sai kuma maganar tsayuwa ta dawo, don fenti ba ya ƙara wa ƙafa ƙarfi. Dole na huda tafin ƙafafun biyu da ɗan abin huda na hannu, na bi ta cikin idon sawu har tsakiyar ƙwauri, na zura wayar ƙarfe mai kauri, na bar ƙarshenta ya shiga katakon da na yi masa shimfiɗar bakin kogi. Aikin nan da zuciya a hannu ake yin sa, don idon sawun siriri ne, ka ɗan kauce kaɗan bakin abin hudar ya ɓullo ta gefe. Robar da ke fitowa daga ramin kuwa laushinta har mamaki ya ba ni, tana murɗewa a yatsa. A kan wannan aka ɗora dabba mai wannan nauyi. Yanzu ya tsaya, ko an bugi kantar ba ya motsi, amma ya zama ɗan zaman wuri ɗaya, ba na iya ɗaga shi in jera shi da danginsa Suchomimus da Baryonyx in ɗau hoto yadda na saba. Kuma duk wannan ni da nake da kayan aiki ke nan. Wanda ya saya don ya buɗe kwali ya ajiye kawai, ko ya saya wa yaro, me ake so ya yi?

Abin da ya sauko da taurarin daga biyar zuwa uku, ya kusa kai su biyu, shi ne da na koma na ƙura wa hotunan tallan ido. A duk hoton da dabbar take tsaye, ko dai an ɗauke ta daga gaba ta yadda ba ka ganin ƙarƙashin ƙirji, ko an jibge wani dutse daidai inda hannun hagu yake. A hoto ɗaya, idan ka buɗa shi sosai, kana ganin inuwar ɗan sanda a ƙasa, sandan kuma babu shi. Ke nan su ma a ɗakin ɗaukar hotonsu bai tsaya musu ba, suka tokare shi, suka goge tokarin, suka rufe kwali ba tare da sun saka mana shi ba. Na tura musu wannan hoton ma, na zagaye inuwar da jan layi. Har yanzu ina jiran amsa.